Ƙunzugun Wanki da Kunyar Igiyar Shanya

Duk malamar da ta daɗe tana koyarwa a makarantar 'yan mata ta san wani irin zama da ɗaliba take yi idan abin ya zo mata a cikin aji. Sai ta ɗosana a bakin benci, ta tattaro hijabinta ta danne a ƙarƙashinta, idan aka ce ta fito gaban allo ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba, ko da kuwa ita ce ta saba ɗaga hannu kafin kowa. A farkon fara aikina na sha ɗaukar wannan a matsayin taurin kai, har akwai ranar da na tsawata wa wata 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, na ce ko ta tashi ko ta bar min aji. Ba ta tashi ba, ba ta kuma fita ba. Sai da aka kaɗa ƙararrawa kowa ya watse na iske ta inda na bar ta, ta ce da ni cikin muryar da da ƙyar na ji, "Malama, ki yi haƙuri, jikina ne ya ɓaci." Na ce, "'Yata, me kika sa?" Ta ce takarda ce ta yago daga littafin rubutunta ta naɗe a cikin wani tsumma. Tun daga ranar na daina tilasta wa yarinya tashi idan na ga irin wannan zama, kuma tun daga ranar nake kasa kunne ga duk maganar da ake yi a kan abin da 'yan matanmu suke tare jinin al'ada da shi.

Ƙungiyoyin agaji sun raɗa wa wannan hali suna, wanda da Hausa za a iya kira talaucin haila, wato mace ta ga baƙonta na wata amma ba ta da abin tare shi, ba ta da isasshen ruwa da sabulu, ba ta kuma da inda za ta keɓe ta gyara jikinta. Bankin Duniya yana ƙiyasta cewa mata da 'yan mata kimanin miliyan 500 ne suke cikin irin wannan hali a faɗin duniya. Mu a nan ba sai mun hanga nesa ba. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari ke nan, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A gidan da ake lissafin kwanon masara da ƙullin manja, audugar mata ita ce ta ƙarshe a jerin cefane, in ma ta shiga jerin.

An taɓa yin wani yunƙuri na sauƙaƙa farashinta. Dokar kuɗi ta 2019, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2020, ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5, amma ta yafe shi ga audugar matan da aka sarrafa a cikin gida. Aka yi ta yabo, kuma ya cancanta. Sai dai tsugunne ba ta ƙare ba, domin bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kamfanin Procter & Gamble, mai yin Always, wadda sunanta ya zama sunan audugar gaba ɗaya a bakin mata da yawa, ya sanar a watan Disambar wannan shekara cewa zai daina sarrafa kaya a Nijeriya ya koma shigo da su daga waje. A 2024 kuma Kimberly-Clark, mai yin Kotex, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu. Masu yi a gida da suka rage, su ma kayan haɗin da dala suke sayo su, domin abin da muke kira auduga sunan kawai ya ci: cikinta yawanci ɓargon itace ne da aka sarrafa, da wani gari mai shan ruwa, da leda. Abin ban takaici ne a ce yankin da ya yi suna da noman auduga, daga Funtua zuwa Gusau, 'ya'yansa mata suna jiran jirgin ruwa ya kawo musu abin tare jini.

A ɗauki magidanci mai mata ɗaya da 'yan mata huɗu da suka balaga, wanda a wurinmu ba wani babban gida ba ne. Mutum biyar ke nan a kowane wata, kuma fakiti ɗaya ba ya isar mai yawan jini. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ga wanda yake da albashin. Manomi da lebura da ɗan acaba kuwa sai abin da hali ya yi. Yarinyar da ke cikin wannan gida ta san halin da ake ciki, saboda haka ba ta ma tambaya. Idan ta samu guda ɗaya sai ta sa tun asuba har isha, alhali kamata ya yi a canza bayan 'yan awoyi. Idan ba ta samu ba sai ta koma ga soson katifa, ko takarda, ko tsumman da ta tsinta a bayan ɗaki. Wasu kuma samari ne suke saya musu, kuma kowa ya san cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, aka wallafa a 2015, ya samu cewa ɗaya cikin goma na 'yan shekara 15 da aka tambaya ta taɓa ba da kanta don ta samu kuɗin auduga. A can aka yi binciken, amma talaucin da ya haifar da shi ba baƙonmu ba ne.

Ra'ayina shi ne ƙunzugun wanki, wanda ake ɗinkawa a wanke a sake amfani da shi, shi ne ya fi dacewa da aljihun mafi yawan gidajenmu, kuma shi ya kamata gwamnatoci da masu taimako su sa kuɗinsu a kai. Amma ina da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi min ra'ayin muhimmanci. Duk wanda ya miƙa wa yarinya ƙunzugun wanki bai tanadar mata ruwa da sabulu da ƙofa mai sakata da igiyar shanya a rana ba, ya ba ta abin da zai iya cutar da ita fiye da audugar kantin da ta kasa saye.

Shi wannan ƙunzugu ba baƙon abu ba ne, kalmar ma kanta tsohuwa ce a Hausa. Kakanninmu da ƙyallen tsohon zani suka yi rayuwa, suna ninke shi su ɗaure da zare a ƙugu, su wanke su adana har wata mai zuwa. Abin da zamani ya ƙara shi ne tsari: shimfiɗa mai laushi a sama inda yake taɓa jiki, tawul ko yadin auduga ninki biyu ko uku a tsakiya don shan jini, wani yadi da ruwa ba ya ratsawa a ƙasa, sai fukafukai biyu masu maɓalli da suke kama ɗan kamfai don kada ya zame idan ana tafiya. Wannan zamewar ita ce babbar illar tsumma, ita ce take hana yarinya gudu a filin wasa ko tashi ba da amsa. Kamfanin AFRIpads, wanda ya fara aiki a yankin Masaka na Uganda a 2010, ya nuna cewa mata 'yan karkara za su iya ɗinka irinsa da yawa kuma da inganci. Saiti ɗaya mai guda huɗu zuwa shida yana kai shekara ko fiye idan an kula da shi. Mace tana ganin al'ada kusan sau 13 a shekara, saboda haka duk wanda ya iya lissafin cefane zai gane bambancin saye sau ɗaya da saye sau goma sha uku. Ga kuma sauƙin da magudanan ruwanmu za su samu, waɗanda leda ta riga ta shaƙe su, da masan makaranta da suke cikewa da audugar da ba ta ruɓewa.

Wankinsa ba shi da wuya. A jiƙa shi a ruwan sanyi, domin ruwan zafi dafa jinin yake yi ya kama zare, a cuɗa da sabulu, a ɗauraye har sai ruwan ya fito fes. Kuma wankin jini ba sabon aiki ba ne ga 'yan matanmu, tunda da yawa an tarbiyyantar da su a kan ko audugar kanti ce sai sun wanke ta kafin su yar, don tsoron aljanu ko masu asiri. Inda gizo yake saƙar shi ne shanya.

Na yi shekaru ina duba ɗakunan kwanan ɗalibai, na kuma san inda ake samun waɗannan ƙyallaye. Ana samun su a ƙarƙashin katifa, a cikin akwati tsakanin kayan sawa, a maƙale a bayan gado an lulluɓe da tawul, wani lokaci a cikin baƙar leda an ƙulle bakinta da danshinsa. A gida ma haka ne: yarinya za ta jira dare ya tsala ta wanke, ta tura shi ƙarƙashin gado ko ta rataye a lungun banɗaki inda rana ba ta taɓa leƙawa, don kada yayanta namiji ko mahaifinta ko kishiyar uwarta su gani. Da safe ta mayar da shi jikinta bai gama bushewa ba. Ƙyalle mai danshi a wuri mai ɗumi gonar ƙwayoyin cuta ce, daga nan ƙaiƙayi da ƙuraje da wari suke farawa, abin da mata suke haɗawa gaba ɗaya su kira ciwon sanyi, su yi ta sayen magani a kemis ko jiƙe-jiƙe a wurin masu tallar gargajiya, alhali tushen abin yana nan ƙarƙashin katifa. Binciken da aka yi a jihar Odisha ta Indiya, wanda ya fito a 2015, ya samu cewa mata masu amfani da ƙyallen wanki sun fi masu audugar kanti yawan alamun cutar al'aura da mafitsara, kuma binciken da ya biyo bayansa a can ya danganta wani ɓangare na matsalar da shanya a cikin ɗaki. Masu tallata ƙunzugun wanki ba su cika son ambaton wannan ba, amma ɓoye shi ba zai amfani yarinya ba.

Abin mamaki shi ne, rana ce arzikin da Allah ya ba mu a yalwace. Watanni bakwai ko takwas a shekara, ƙyallen da aka shanya da hantsi ya bushe ƙayau kafin azahar, kuma zafin rana da haskenta suna kashe ƙwayoyin cuta da yawa ba tare da an biya ko kwabo ba. Ƙurar hunturu ma da sauƙi, a yafa masa siririn mayafi iska ta ratsa. Muna shanya tsumman fitsarin jarirai a tsakar gida kowa yana gani, muna shanya zanin da aka yi jego da shi, babu mai cewa uffan. Ƙyallen haila kaɗai muka yanke wa hukuncin zama a duhu.

Ana jingina wannan kunya ga addini, kuma a nan ne nake ganin an zalunci addinin. A cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, wata mata ta zo ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tufar da jinin haila ya taɓa, ya koya mata ta kankare shi, ta murje da ruwa, ta ɗauraye, sannan ta yi salla da tufar. Darasin wanki ke nan, daga bakin mafi kunyar halitta, a gaban jama'a. Nana A'isha kuma, Allah ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Kusan duk yarinyar da ta yi Islamiyya a ƙasar Hausa ta karanta babin haila a Ahalari, ta san mafi yawan kwanakin mai farawa 15 ne, ta san yadda ake gane tsarki, ta san azumi ake ramawa ban da salla. Mun koya mata hukuncin jinin tsaf, muka bar ta ta gano yadda za ta tare shi da kanta. Da malaman Islamiyya mata za su ƙara rabin awa a ƙarshen wannan babi su yi bayanin canzawa da wanki da shanya, da sun isa inda ma'aikacin lafiya ba zai taɓa isa ba, domin maganar da ta fito daga bakin malama a gaban littafi uwa ba ta musanta ta. Wannan ma ba bidi'a ba ce a ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tsarki da ibada tun ƙarni na 19.

Akwai wata kunyar kuma da ta al'ada ce zalla. Uwa ba ta sakin jiki da 'yar fari, wata ko sunanta ba ta kira, balle ta zaunar da ita ta yi mata bayanin balaga. A da gwaggo da inna da kaka suna nan cikin babban gida suna ɗauke wannan nauyi. Yanzu gidaje sun rarrabu, kowa yana ɗakin hayarsa, sai yarinya ta ga jini ba ta taɓa jin labarinsa ba, ta zaci ciwo ne ko wani laifi ta yi. Idan ma an yi mata magana, ba ta wuce gargaɗin cewa daga yau namiji ya taɓa ta sai ciki. A wasu ƙauyukan kuma yarinya da gangan take ɓoyewa, domin ta san ranar da aka ji ta fara, ranar za a fara zancen ta isa aure, karatu ya ƙare ke nan. Irin wannan yarinya ko an ɗaure ta ba za ta shanya ƙyalle a tsakar gida ba, kuma ba ni ganin laifinta.

Sai a zo ga makarantar kanta. Ƙunzugun wanki yana buƙatar a cire shi da tsakar rana, a ninke a sa a 'yar jaka, a ɗaura wani. A ina? Binciken ƙasa na ruwa da tsafta na 2021, wanda gwamnatin tarayya ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna kashi 11 cikin ɗari kacal na makarantun Nijeriya ne suke da ruwa da banɗaki da wurin wanke hannu a haɗe. Ni ban buƙaci rahoto ya gaya min ba. Na yi aiki a makarantar da ɗalibai fiye da dubu suke layi a kan ramuka huɗu, ƙofofin sun ɓalle, sai ƙawa ta tsaya ta baza hijabinta ta kare. Ruwa kuwa sai wanda yarinya ta ɗauko a gora daga gida, shi ne na sha, shi ne na tsarki. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai, ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, aka kuma ƙara masa dala miliyan 700 a 2023, ya sa gyaran ajujuwa da banɗakuna cikin ayyukansa. Abin da nake so masu sa ido su riƙa tambaya ya wuce yawan banɗakin da aka gina. Su koma bayan shekara ɗaya su murɗa famfon, su tura sakatar, su ga ko akwai wanda aka ɗora wa alhakin shara.

Dole kuma mu yi wa kanmu adalci game da abin da muke alkawartawa. An saba cewa a ba yarinya auduga za ta daina fashin makaranta, amma bincike bai tsaya a kan magana ɗaya ba. A Nepal, masana tattalin arziki Emily Oster da Rebecca Thornton sun wallafa a 2011 cewa fashin da al'ada take jawowa a makarantun da suka bincika bai kai yini ɗaya ba a shekarar karatu mai kwana 180, kuma kofin al'adar da suka raba, wani ɗan kofi da ake turawa ciki ya tari jinin, bai sauya komai ba. A Kilifi ta Kenya an gwada raba auduga da darasin lafiya a makarantu 140, zuwa makaranta bai ƙaru ba. A gundumar Kamuli ta Uganda kuwa, binciken da ya fito a 2016 ya ga waɗanda aka ba ƙunzugun wanki ko aka yi musu darasin balaga sun fi sauran riƙe zuwa makaranta. Abin da na fahimta shi ne, abubuwan da suke zaunar da yarinya a gida suna da yawa: ciwon mara, talla, kuɗin jarrabawa, nisan hanya, tsoron masu satar ɗalibai. Ƙyalle ba zai magance waɗannan ba. Amma rajistar aji suna kawai take kira. Yarinyar da na ba da labarinta ta amsa sunanta a ranar, an rubuta ta zo, alhali babu kalma ɗaya ta darasin da ta shiga kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu da muke tsaye gaban allo mun san yawan waɗanda jikinsu yake aji hankalinsu yana bayan siket. A watan Satumbar 2019, a yankin Bomet na Kenya, an ruwaito wata yarinya 'yar shekara 14 ta kashe kanta bayan an kunyata ta a aji saboda jini ya ɓata mata kaya a al'adarta ta farko. Duk sanda na tuna tsawar da na yi, sai wannan labari ya faɗo min.

Game da kofin al'ada, wanda ake yi da silikon a tura ciki ya tari jinin, ba zan tsawaita ba. Yana iya kai shekara goma, ruwan da yake ci kaɗan ne, kuma nazarin da mujallar Lancet ta kiwon lafiyar jama'a ta wallafa a 2019 ya nuna ba shi da haɗari idan an tsaftace shi, yoyonsa ma bai fi na auduga ba. Ga matan aure da suka yarda da shi abu ne mai kyau. Amma a al'ummar da take ɗora martabar gida a kan budurci, duk ƙungiyar da ta shiga makarantar 'yan mata da shi ba ta zauna da iyaye da malamai ba, za ta jawo a rufe ƙofa har ga ƙunzugun da babu mai ja a kansa.

Kowace shekara ranar 28 ga Mayu, wadda ƙungiyar WASH United ta Jamus ta assasa a 2014 don tsaftar al'ada, muna ganin abu iri ɗaya. Motoci su zo, a jera yara a rana, a miƙa wa kowace fakiti ɗaya ta ɗaga sama a ɗauki hoto, a watsa a Facebook, a tafi. Da babu gara ba daɗi, na yarda. Amma fakitin ya ƙare kafin Yuni ya raba, jinin kuwa zai dawo sau goma sha biyu kafin motocin su dawo. Wasu ƙasashen sun mayar da abin doka. Kenya ta cire haraji a kan audugar mata tun 2004, a 2017 kuma Shugaba Uhuru Kenyatta ya sanya hannu a dokar da ta wajabta wa gwamnati ba ɗalibai mata auduga kyauta, ko da yake ana ta ƙorafin kayan ba sa isa makarantu a kan kari. Majalisar Sukotland ta amince a Nuwambar 2020 da dokar ba da kayan al'ada kyauta ga duk mai buƙata, ta fara aiki a Agustan 2022. A Gana, Shugaba John Mahama ya ƙaddamar da rabon auduga kyauta ga ɗalibai a 2025. Darasin Kenya shi ya fi shafar mu, domin duk abin da sai an yi jigilarsa kowane wata ta hannun 'yan kwangila, mun san yadda yake ƙarewa a ƙasar nan. Saitin wanki sau ɗaya ake rabawa a farkon shekarar karatu, tare da littattafai, kuma uwa za ta iya ƙirga shi da idonta.

Ɗinkinsa ma bai kamata ya bar garuruwanmu ba. Akwai keken ɗinki a lungu-lungu, akwai zawarawa da matan da rikici ya raba da gidajensu da suke neman sana'a, akwai yadi a Kantin Kwari. Abin da ya rage shi ne ƙa'ida, don kada kowa ya tattaro ragowar yadin leshi da nailan ya ce ƙunzugu ne. Uganda da Afirka ta Kudu sun fitar da ma'aunin ingancin irin wannan kaya, kuma aikin hukumomin kula da ingancin kaya irin su SON da NAFDAC ne su tabbatar duk telar da za a ba kwangilar makaranta ta san yadin da ya halatta ya taɓa jikin yarinya da yawan ruwan da ya kamata ya sha.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma da wannan karin magana maza da yawa suka zare hannunsu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da 'ya mace da tufatar da ita suna wuyan mahaifinta har ta tare a gidan miji, kuma ban ga yadda za a cire ƙyallen haila da sabulun wanke shi daga tufatarwa ba. Uban da zai ci bashi ya yi wa 'yarsa gado da kujeru ranar aure, bai kamata a ce ta shekara shida tana yage littafinta bai sani ba. Ba sai ya yi magana da ita ba, tunda mun san nauyin da ke tsakani. Ya ba uwar kuɗin, ya ƙara jarka ɗaya a lissafin mai ruwa, ya ɗaura igiya a wani sashe na gidan ya gaya wa samarin gidan cewa nan ba wurin zuwansu ba ne.

Mu abin da muka yi ke nan a makarantar kwanan da na yi aiki daga baya. Muka kewaye wani fili a bayan ɗakin kwana da zana, muka ja igiya uku, muka ajiye bokitai da aka ware don wannan wanki kaɗai. Mako biyu cur igiyoyin suna nan wayam, ana ci gaba da tura ƙyallaye ƙarƙashin katifa. Sai da shugabar ɗalibai, wadda ƙananan suke kira Yaya, ta fito da nata da rana tsaka ta shanya, ta tsaya a wurin tana hira kamar safa ta wanke, sannan sauran suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Damina ce ta ba mu wahala. A watan Yuli sai a yi kwana biyu hadari bai washe ba, guda huɗu ba sa isa, kuma dutsen guga da muka zaci zai taimaka narkar da shimfiɗar ƙasan yake yi, sai dai a goge tawul ɗin ciki idan irin wanda ake zarewa ne. Muka kai maganar taron iyaye da malamai, muka roƙi a ƙara wa kowace yarinya guda biyu, a kuma yi wa filin rumfa da irin kwanon roba mai barin haske ya shiga. Iyaye mata suka amince nan take. Wani dattijo a sahun gaba ya tambayi me za a shanya a ƙarƙashin rumfar, ɗakin ya yi tsit, sai da na miƙe na faɗa masa da sunansa.